Datti Ne a Madubi

Litinin, da hantsi

Akwai datti a kyamarata. Wani ɗan baƙin ɗigo ne kamar kashin ƙuda, can sama ta hannun dama, duk inda na juya Dogo sai ya bi ni. Dogo shi ne babban gilashina mai jawo nesa kusa, wanda Maigida ke cewa ya fi shi samun gata a gidan nan. Gaskiyarsa, shi ba na goge shi da auduga.

Ina dawowa daga gandun daji na hura wa cikin kyamarar iska, na goge gaba, na goge baya, ɗigon yana nan daram. Sai na yi abin da nake koya wa ɗalibaina. Na tsuke ƙofar haske har ƙarshe, na ɗauki farin bango, na buɗe hoton a kwamfuta. Fes, ko tabo babu. To wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne. Dattin da ke fitowa a hoto yana kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton. Wanda kuwa ido ke gani a tagar leƙe amma hoto bai nuna shi ba, wannan yana kan madubin ciki. Datti ne a madubi. Gobe in kai wa Mai Gyara.

Ɗan mikiya ya fara tsayawa a bakin sheƙa yana kallon ƙasa. Na daɗe ina bin iyayensa a kan dogon itacen nan na bakin tafki. Ina da ƙwai, ina da ƙyanƙyasa, ina da uwar tana yagar kifi tana sa masa a baki. Hoto ɗaya ya rage in rufe baje kolin da nake shiryawa, shi ne tashin farko. Bara ruwan sama ya yi mini fashi, bara waccan kuwa tsakon bai yi rai ba. Bana ko da rarrafe ne sai na je.

Talata, bayan azahar

Shagon Mai Gyara yana nan yadda yake tun muna da baƙin gashi. Ɗan tsukin ɗaki, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙananan kusoshi a murfin kwalba, bango kuma cike da hotunan ƙwari. Shi ma mai hoto ne a nasa ganin. Duk Lahadi zai je ya kwanta rub da ciki a ciyawa yana ɗaukar fara da ƙudan zuma. Sarkin Ƙwari nake ce masa, kuma na sha gaya masa ranar da ya girma ya zo in nuna masa dabbobi.

Ya cire Dogo, ya haska madubin, ya duba ta nan ya duba ta can.

"Hajiya, madubin nan ya fi tabarau ɗina tsabta."

"Leƙa dai."

Ya leƙa. "Ban ga komai ba."

"Kai da ka ƙarar da idonka a kan ƙafar sauro, me za ka gani?"

Bai yi dariya ba, abin da ya ba ni haushi ke nan. Ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko wata kyamara sabuwa dal, ya ce in leƙa wannan. Na leƙa. Na mayar masa na ce duk shagonsa datti ne.

"Hajiya, yaushe rabon da ki je a duba miki..."

"Yaushe rabon da ka share shagon nan?"

Na ɗauki jakata na fito. Ko sallama ban yi masa ba.

Laraba, da safe

Datti ne a madubi.

Alhamis, bayan la'asar

Ya haihu. Yanzu su uku ne, da wani siririn zare yana lilo a tsakaninsu.

Hedimasta ta biyo daga makaranta. 'Yata ce ta fari, malamar firamare, amma tun tana ƙarama take jera ƙannenta a layi tana duba musu farce, shi ya sa sunan ya bi ta. Tana shigowa ta gyara zaman kujeru, ta buɗe firij ta yi tsaki, sannan ta zauna tana kallona.

"Mama, me kike kora?"

"Ƙuda."

"Babu ƙuda a ɗakin nan."

"Ai da ya ji takunki dole ya gudu."

Maigida ya yi dariya a bayan jaridarsa. Ita ba ta yi ba. Mutane sun daina dariya a makon nan, ban san me ya same su ba.

Asabar, da magariba

Yau ranar ɗalibai. Na kai su maɓoya, 'yar bukkar karan da Jagora ya yi mana nesa kaɗan da itacen. Jagora shi ne mai gadin wannan ɓangaren dajin, mutum ne da zai wuni tare da kai bai faɗi kalma goma ba.

Na maimaita musu abin da nake maimaitawa kullum, don kunnen ƙashi gare su. Tsuntsu a sama yana son sauri, kada ƙiftawar kyamara ta gaza ɗaya bisa dubu biyu na daƙiƙa. In haske ya yi ƙaranci a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kada a ji tsoronsa, gara hoto mai tsaki-tsaki da hoto dishi-dishi. Farin sama yana yaudarar kyamara ta mai da tsuntsu baƙi ƙirin, saboda haka a ƙara mata haske da hannu. Wanda ke ɗauka daga mota ya kashe inji, ya ɗora gilashi a kan 'yar jakar wake, a bakin taga ta fi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku amfani komai tsadarsa. Sai manyan biyun, waɗanda ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Ka sauka daidai idon dabba, kada ka ɗauke ta daga sama kamar alƙali. Kuma in ido bai fito ba, hoto bai fito ba.

Ina cikin magana sai walƙiya ta haska ta gefen damana, fau. Na juya a fusace. Wani ma'aikacin banki ne a wurin, mai sabuwar kyamara da riga mai aljihu ko'ina. Na wanke shi tas. Na ce wane irin rashin imani ne mutum ya kunna filasha kusa da sheƙa, in uwar ta tsorata ta bar tsakon shi zai hau ya ciyar da shi? Bawan Allah ya juya kyamararsa yana nuna mini. Babu filasha a kanta. Irin tasa ma ba a yin ta da filasha.

Jagora ya ce, "Hajiya, ba wanda ya kunna komai." Ya ƙarar da rabin maganarsa ta yau a kaina.

Na ba ma'aikacin bankin haƙuri a gajarce. A hanyar dawowa walƙiyar ta sake yi, sama kuwa ko gajimare babu.

Lahadi, da azahar

Hasken rana ne a kan ruwa.

Litinin, da yamma

Na caja batura duka, har tsofaffin da ba sa riƙe wuta. Na share katuna. Na goge Dogo, na mayar da shi jaka, na sake fito da shi na goge. Maigida ya tambaye ni ko tafiya za mu yi.

Talata, da hantsi

Labule ya maƙale.

Bari in rubuta yadda abin yake. A cikin kyamara akwai wasu 'yan labulaye biyu, su ne ke buɗewa su rufe in ka danna. In ɗaya ya tsufa ya maƙale, sai ka ga duhu ya ci gefen hoto. Abin da na gani ke nan yau da na ɗora ido. Duhu ya taso daga ƙasa ta gefe, bakinsa yana ɗan motsi kamar ruwa a kwano.

Na san abin da Sarkin Ƙwari zai ce. Zai ce labulen kyamara ba a ganinsa ta tagar leƙe, a hoto yake fitowa. Na sani. Na fi shi sani. Hotunan kuma lafiyarsu lau, tsakon ya buɗe fukafukai yana gwada iska, kowane gashi ana iya ƙirga shi.

Na sa kyamarar a jaka na zuge. Labulen bai bi ta ciki ba.

Laraba, da yamma

Munafuki. Shekara da shekaru ina kai masa aiki, ashe yana da lambar Hedimasta.

Da safe na gogi ginshiƙin ƙofar gida da madubin mota, ƙofar da nake shiga da baya ba na ko waiwaye. Kafin in gama duba ɓarnar sai ga ta a tsaye, ta baro ajinta. Ta ce Mai Gyara ya kira ta tun makon jiya, ita ce ta tsaya tana lura da ni. Lura. Sai ka ce wata barewa mai ɗingishi. Ta sa tafin hannu ta rufe mini idon hagu, ta ce in gaya mata yatsu nawa ta ɗaga. Na ce ni ba 'yar ajinta ba ce. Ta zare makullin motar ta jefa a jakarta.

Maigida yana tsaye da butar shayi. Da ta tafi na ce masa sai ya yi murna, an kama ni. Ya ce, "Tun shekaranjiya kike zuba mini shayi a gefen kofi, ina gogewa."

Alhamis, bayan la'asar

Mun je can. Ba zan rubuta sunan da suka ba abin ba, dogo ne kuma ba shi da daɗin ji.

Likitan bai kai Hedimasta shekaru ba. Ya ɗiga mini magani, ya haska fitila, ya riƙe wani ɗan gilashi a gaban idona. Gilashi ne mai kyau, na kuwa gaya masa. Ya yi zane a takarda, ya yi bayani da yawa, ni ina kallon yadda hasken taga ya faɗo a kafaɗarsa. Abin da na riƙe shi ne ya ce gobe da safe za a yi aiki, kuma kafin nan in kwanta, ban da jijjiga, ban da hanya mai gargada.

Na ce a bar shi sai bayan sati biyu. Ina da tsuntsu.

Ya cire tabarau ɗinsa ya dubi Hedimasta.

A mota ta yi ta faɗa, ina ta kallon taga. Da ta rasa abin cewa sai ta ce, "Shi ke nan, Mama. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba." Tana faɗa ta kama bakinta.

Ina jin tsoro. Na rubuta, shi ke nan, ba sai na sake ba.

Juma'a, da azahar

Na je, amma ba asibiti ba.

Ashe Maigida yana da makullin mota na ajiya a cikin wani tsohon takalminsa. Da asuba na same shi ya riga ya sa hula. Ya ce, "Na san in ban kai ki ba babur ɗin haya za ki hau, da Dogo a goye." Ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai, wayarsa tana ta kuka a aljihu bai ɗauka ba.

Hasken ya yi kyau, irin wanda ake shekara ana jira. Na ɗora Dogo, na saita komai ba tare da na duba ba, yatsuna sun san hanya. Na sa ido. Babu sheƙa. Akwai sama, akwai ganye can ta ƙoli, tsakiya kuwa labule. Na ɗaga, na sauke, ina neman itacen da na fi sani fiye da falona. Jagora ya matso ya kama kan Dogo da yatsa biyu ya karkata shi. Da ya yi magana da na ci mutuncinsa.

Sai na koma idon hagu. Tunda na fara aikin nan rufe shi nake yi, bai taɓa leƙa tagar ba, kyamara kuwa don idon dama aka ƙera ta. Ina matsawa hancina ya danna maɓallin baya, saitin ya tsallake daga kan tsuntsu ya koma can gefe. Daidai lokacin tsakon ya buga fukafukai, ya ɗaga sama da sheƙar kamu ɗaya, ya rataya a iska, ya koma ya zauna. Na yi ta dannawa.

Reshe ya fito tsaf. Kowane ɓawo, kowace tsaga. A bayansa akwai wani abu dishi-dishi mai kama da tsumma.

Bai tashi ba dai. Yana jirana.

Hedimasta tana bakin ƙofa da muka dawo. Ba ta yi mini magana ba, ubanta ta yi wa. Ta kwashe kyamarorina duka, da Dogo, har da caja, ta kulle a kabad ɗin ɗakin baƙi, ta zura makullin a sarƙar wuyanta. Gobe za a yi.

Talata, ban san ƙarfe nawa ba

Rubutun nan zai karkace, littafin yana ƙasa ni ina sama.

An yi. Sun sa mini kumfar iska a cikin idon don ta danne abin da ya ɓare ya koma wurinsa. Wai kumfa sama take yi, saboda haka dole fuskata ta kalli ƙasa dare da rana har sai sun ce ya isa. Kafinta ya huda tsohon bencin tsakar gida, an yi masa matashi, a kansa nake kife, fuskata a cikin ramin. Likita ya ce labulen ya riga ya kai tsakiya kafin su shiga, da an zo da wuri da magana ta bambanta. Na tambaye shi ko idon zai dawo. Ya ce mu jira mu gani. Na ce da wanne?

Ana jira in ce da na sani. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa yanzu ƙeyata kowa ke kallo, sai su karanta a can.

Duniyata 'yan tayil ne da tsaga ɗaya. Masu dubiya da ƙafa nake gane su. Ƙanwar Maigida mai takalmi mai tsini, maƙwabciyarmu mai faso, kowace ƙafa da nata wa'azin. Mai faso ta ce in yi haƙuri, ai mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho. Na ce mata na gode Masa tun kafin ta zo, kuma ni da ido ɗaya na ci abinci duk rayuwata, ɗayan rufe shi nake yi. Canjin aiki aka yi kawai. Ƙafafun suka ja da baya, ba su daɗe ba suka yi sallama.

Laraba, da hantsi

Jagora ya kira Maigida. Tsakon ya tashi.

Laraba, da la'asar

Wai rana tana bayansa, ya zagaya tafkin ya sauka a wani itace. Da na ƙara haske kaɗan saboda saman. Ɗaya bisa dubu biyu da ta isa.

Alhamis, da yamma

Ba na son abinci, ba na son rediyo, ba na son a tambaye ni me nake so.

Sun ɗauka kunnena ma an yi masa aiki. A falo Hedimasta ke gaya wa ubanta ma'aikacin bankin nan yana son Dogo, kuma ta riga ta sanar da ɗalibai babu darasi har illa masha Allah. Ta ce lokaci ya yi da Mama za ta huta. Hutu. Haka ake cewa in za a cire wa tsohuwar mota tayoyi a ɗora ta kan duwatsu.

Maigida ya ce, "Ki tambaye ta mana." Ta ce, "Baba, kai ma ai ba ka da bakin magana." Shi ma ya san wanda ya tuƙa motar.

Na bugi benci da hannu na ce Dogo ba ya zuwa ko'ina.

Juma'a, da hantsi

Akwai masu zama a tsagar nan.

Tun jiya nake ganinsu ban kula ba. Tururuwa ce ta yi gari a ciki, 'yan ƙanana jajaye, suna fitowa su bi gefen ƙafar benci su nufi ƙofa. Yau na zuba musu ido, tunda ba ni da wurin zuwa. Ba tafiya kawai suke ba. Duk biyun da suka haɗu sai sun tsaya sun taɓa kai kamar masu gaisuwa a kasuwa. Akwai wata mai babban kai da ba ta ɗaukar komai, tana dai kai da kawowa a gefen layi, na sa mata suna Hedimasta. Da hantsi rana tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan tayil, haske mai laushi daga gefe, irin wanda nake tashi da asuba in ci hanya don in samu. Wata ta ratsa ta cikinsa ɗauke da fiffiken wani ƙwaro, fiffiken ya kama hasken. Yatsana ya danna iska. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ban dai taɓa zaton ni ce kwaɗon ba.

Sai ga tsintsiya, da gwangwanin feshi a bayanta.

"Kada ki taɓa su."

"Mama, likita ya ce tsabta."

"Idona yana sama a naɗe, su suna ƙasa. Wace ce ta hau ta same shi?"

"Ƙwari ne fa."

"Baƙina ne. Su kaɗai ke zuwa ba su yi mini wa'azi ba."

Na sa hannu biyu na kare tsagar. Tsintsiyar ta daɗe a tsaye, sannan ta juya.

Asabar, bayan azahar

Wasu tsofaffin takalma masu ɗigon dalma sun shigo da sallama. Na san su, na Mai Gyara ne. Na amsa sallamar don ta Allah ce, sauran gaisuwar na bar masa.

"Hajiya, an ce kin yi sababbin ƙawaye."

"An ce kai kuma ka koma ɗan rahoto."

"Da ban kira ta ba, wa zai riƙa zagina da kyau?"

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ajiye wani abu a kan tayil daidai ƙasan fuskata. Gilashi ne ɗan gajere, baƙi, duk fentin gefensa ya goge. Da shi ya ɗauki duk abin da ke bangon shagonsa. Ya ce zai hau kyamarata, bakinsu ɗaya. Ya ce in tsuke ƙofar haske zuwa lamba sha ɗaya, don a wannan kusancin abin da ke fitowa tsaf bai fi kaurin takarda ba. Kada in yi ta murɗa saiti, in bar shi wuri ɗaya, in riƙa matsar da kyamarar gaba da baya har ido ya shigo. In kuma riƙe numfashi.

Na ce yaushe ƙwaro ya fara koya wa mikiya tashi? Ya ce, "Ranar da mikiya ta kwanta rub da ciki." Na so in riƙe dariyar, ta ƙwace, har idon ya yi zafi.

Gajere na sa masa suna. Yana nan zaune a ƙasa ba aikin fari, don gilashi ba kyamara ba komai ba ne, kyamarar kuwa tana kabad.

Lahadi, da safe

Na roƙa. Ni. Hedimasta ta ce a'a.

Lahadi, da yamma

Mun yi ta. Ba ihu, mu ba ma ihu, shi ya sa namu ya fi ciwo.

Ta zauna a ƙasa kusa da benci, ƙafafunta kawai nake gani da gefen zane. Ta ce ta kira likita, ya ce in dai kaina yana ƙasa babu abin da kyamara za ta yi wa ɗayan idon. Na ce to. Ta ce ba likita ba ne matsalar.

"Ɗaya ya rage miki, Mama. Kin ba kyamara na dama ina kallo. Shi ma ba ta za ki yi?"

"To wa zan ba? Tayil?"

"Ki ba mu. Ki zauna ki riƙa ganinmu. Ranar Juma'ar nan ni kaɗai na tsaya a ƙofar asibiti, ana ta kiranki, ke kina can wajen tsuntsu."

Abin da na ce mata shi ne ba duhu nake tsoro ba. Tsorona in tashi daga bencin nan in tarar an mai da ni tsohuwar da ake zuwa gaisarwa. Na ce idon da aka ajiye don kada ya ƙare, ai ya riga ya ƙare.

Wani ɗigo ya faɗo kan tayil, sai wani. Layin tururuwa ya iso wurin, ta gaba ta taɓa shi ta ja baya, suka kewaye. Na miƙa hannu na lalubi ƙafarta na riƙe. Ba ta janye ba, ba ta kuma ba ni makullin ba.

Litinin, bayan azahar

Ɗazu da safe, rana ta kusa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa sai na ji ƙarar kabad.

Hedimasta ta yi shirin makaranta amma ba ta tafi ba. Ta kawo kyamarar riƙe da hannu biyu kamar tukunya mai zafi. Na koya mata yadda ake ɗaura Gajere, a haɗa jan ɗigo da jan ɗigo a murɗa har ya ce ƙas. Na sa ta ɗauko jakar wake daga mota, muka kwantar da kyamarar a kai, bakin Gajere yana kallon layin, na ɗaga allon baya ya fuskance ni. Allon nan da nake ce wa na malalata. To, yau hancina ba shi da ta cewa.

Maigida ya zo da cokalin sukari wai ya tara mini su wuri ɗaya. Na kore shi. Ban taɓa yaudarar dabba da abinci ba, ba zan fara a kan tururuwa ba.

Hasken bai isa ba. Na ɗaga ISO, na sa Hedimasta ta ɗauko farin faranti ta riƙe ta ɗaya gefen ya mayar da hasken.

"Ƙasa kaɗan. Ba haka ba. Ke da kike koyar da yara, karkata faranti ya gagare ki?"

"Ba na ganin abin da nake yi daga nan, Mama."

"To ki sauko daidai idon dabba mana."

Ta kwanta. Da kayan aikinta masu guga ta kwanta a kan tayil, kumatunta a ƙasa, kanta a ƙarƙashin benci. Rabona da fuskarta tun kafin a shiga da ni. Ta rame. Idanunta sun yi ja, ta gaji da ni, kuma ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Na tsaya ina kallonta da idon da ya rage har sai da ta ce, "Mama, ga su nan fa."

Na ɓata da yawa. Ƙafa ta fito, kai bai fito ba. Tsaga ta fito tsaf, na ce ba za a maimaita mini reshe ba. Mikiya tana ba ka sama gaba ɗaya, waɗannan kuwa kaurin takarda suke ba ka, kuma ba sa tsayawa. Aikin yana da wuya, amma Sarkin Ƙwari ba zai ji wannan daga bakina ba. Can sai mai babban kan ta zo ta tsaya a bakin hasken, ta ɗaga 'yan ƙahonninta. Na riƙe numfashi, na tura kyamarar gaba kaɗan, na danna.

Muka buɗe a allon, kanmu biyu a ƙarƙashin benci. Na ƙara girmansa, na sake ƙarawa. Baƙin ido ne mai 'yan ramuka irin na saƙar zuma, da ɗigon farin faranti a cikinsa.

"Ya fito?" in ji ta, a hankali.

"Ya fito."

"Ita wannan me ya sa ba ta ɗaukar kaya?"

Na ce aikinta duba sauran ne. Sunan dai ban gaya mata ba.

Talata, da safe

Na ce ta sanar da ɗalibai Asabar akwai darasi, kowa ya zo da abin shimfiɗa, kuma a gaya wa ma'aikacin banki Dogo yana da aiki baɗi. Ta ce za mu gani. Na ce za mu gani ɗin.

An buɗe mini idon dama don a ɗiga magani. Labulen yana nan inda yake. Da aka mayar da auduga na sake duba hoton jiya, gefe zuwa gefe. Labulen bai fito a ciki ba.